Mutum Ɗayan da Kuka Ce a Kawo

Daga:
Matar Yatsa-Goma, tsohuwar malamar firamare,
Gida mai lamba 14, Layin Bayan Gidan Waya.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Gidauniyar Manhajar Farfajiya,
Hawa na huɗu, Ginin Ofisoshin Haɗaka.

Kwanan wata: Litinin, 9 ga Yuni, 2025.

GAME DA: Cire saitin Jinkirin Maɓalli daga Farfajiya fitowa ta 12, da rufe ƙorafi mai lamba 48213 ba tare da wani ɗan Adam ya karanta gyaran da ke cikinsa ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, tare da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman izini in gabatar da ƙorafi a madadin maigidana. Ba shi ne ya rubuta ba, domin mutum ne da zai buga takardar wani har shafi ɗari bai ɗaga kai ba, amma a ce ya rubuta layi biyu a kan kansa, sai ka gan shi ya miƙe yana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ni kuwa shekara talatin na yi ina koya wa yara yadda ake rubuta wasiƙa, saboda haka aikin ya faɗo kaina. Shafi ɗaya na yi niyya. Ina neman afuwa tun yanzu, don na ga alamar ba zan cika alkawari ba.

Maigidana akawu ne mai buga takardu a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, shekara talatin da uku ke nan a kujera ɗaya. Tun zamanin tafireta abokan aikinsa suka sa masa suna Yatsa-Goma, saboda lokacin da kowa ke tsintar haruffa da yatsa biyu, shi duka goman yake sa wa aiki, idonsa na kan takarda. Sunan ya biyo shi har gida, jikokinmu ma da shi suke kiransa in suna neman ya bi su da gudu. Ban da takardun yau da kullum, an ɗora masa kwafe tsofaffin littattafan rajista zuwa kwamfuta, guda ɗari biyu da goma sha biyu, domin shi kaɗai ya rage a ginin da ke iya karanta rubutun akawunan da. Ya gama ɗari da tamanin da bakwai. Saura ashirin da biyar, kuma shekara biyu suka rage masa ya ajiye aiki. Ya ce za su ishe shi daidai in Allah ya yarda, kuma ba shi da wani buri da ya wuce ya rufe littafin ƙarshe da hannunsa.

A shekarar 2016 hannunsa na dama ya fara rawa. Likita ya ce ba ciwo ne mai kisa ba, ba kuma mai warkewa ba ne. Sai ya yi niyyar taɓa maɓalli sau ɗaya, yatsan ya taɓa sau biyu ko uku. A watan Afrilun 2017 ofishin ya koma aiki da manhajarku ta Farfajiya, wadda ke shimfiɗa fuskar kwamfuta da tagoginta da ma'ajiyar takardu da saituna, wadda kuma kuke alfahari da cewa kyauta ce, a buɗe take, kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Ƙanena, mai gyaran kwamfuta a ƙarƙashin matakalar wani bene a kasuwa, shi ya gano cewa a cikin saitunanta akwai wani ɗan abu mai suna Jinkirin Maɓalli. Aikinsa ɗaya ne: in yatsa ya bugi maɓalli sau biyu cikin ƙiftawar ido, kwamfuta ta karɓi na farko ta yi watsi da na biyu. Ya nuna wa maigidana a falonmu, yana tsokanarsa kamar yadda suka saba, wai ga sandar tsufa ya kawo wa Yaya. Washegari maigidana ya kunna saitin da kansa a kwamfutar ofis. Shekara takwas ya yi yana aiki da shi, ba a taɓa dawo masa da takarda ba. In lamba ta zo da gaske biyu a jere, kamar 55, ya koyi ya ɗan ja numfashi a tsakaninsu. Sauran akawunan suka ɗauka salon tsofaffin gwanaye ne, har wasu na kwaikwayo.

Ba wanda ya san da rawar hannun a ofis. Wannan da nauyin baki nake faɗa, domin da hannuna a ciki. Ni na ba shi shawarar ya mayar da teburinsa bayan dogon kabad, da sunan hasken taga na damunsa. Ni na cire ƙananan maɓallan rigunansa na sa manya, ni kuma nake ɓalla masa na wuyan hannu kowace safiya. In ya tashi daga kujera, hannun dama na cikin aljihu. Ya daina shan shayi a ofis, domin kofi kan tona asiri da ƙararsa a kan faranti, har aka riƙa cewa Yatsa-Goma ya fara girman kai, ba ya sha da yara. Ya ji, ya haɗiye.

Ga ƙorafe-ƙorafen nawa bi da bi.

1. A ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Gidauniyarku ta fitar da sanarwa cewa kamfanoni uku sun ɗauki nauyin masu rubuta manhaja goma sha biyu, su zauna aiki na sosai, domin a sake gina ɓangaren saituna daga tushe. Ƙanena ya karanta mana farkonta, kuma gaskiya mun yi murna. Ba ni da faɗa da wannan, ranka ya daɗe. Mutanen da suka shekara suna yi wa duniya aiki a kyauta bayan sun taso daga nasu aikin, su ma suna da iyali masu cin abinci, kuma duk kamfanin da ya ce zai ɗauke musu wannan nauyi ya cancanci godiya. Sai dai a shafi na huɗu, wanda ba mu karanta ba sai bayan abin ya same mu, an rubuta cewa bisa yarjejeniya da masu ɗaukar nauyi, duk saitin da masu amfani da shi ba su kai mutum ɗaya cikin dubu ba, ba za a ɗauko shi zuwa sabon ginin ba. Abubuwan da kamfanonin suka fi so a fara da su kuwa suna shafi na ɗaya da manyan haruffa: buɗe kwamfuta da zanen yatsa, haɗa ta da waya, da lanƙwasa kusurwoyin tagogi don su yi kyau. Maigidana ya yi shekara takwas da tagogi masu tsinin kusurwa, ba wadda ta taɓa yankarsa.

2. Na tambayi ƙanena ta yaya kuka san yawan masu amfani da kowane saiti. Ya ce kowace kwamfuta mai Farfajiya takan aiko muku da ɗan rahoto ta intanet sau ɗaya a wata, kuma ɗaya daga cikin kamfanonin ne ya kawo dabarar, tunda shi ma haka yake yi da nasa kayan. A jadawalin da kuka wallafa, gaban Jinkirin Maɓalli, sifili aka rubuta. Ranka ya daɗe, doka ta hana a haɗa kwamfutocin ofishin rajista da intanet, saboda sirrin mutane ne a cikinsu. Kafar da ake cusa wayar ma an toshe ta da gam, na gani da idona ranar da na kai masa maganin da ya manta. Kwamfutar da aka toshe wa baki, ta ina za ta aiko muku da rahoto? Da a ce lokacin da nake koyarwa na kira sunayen 'yan aji ta wayar tarho, na rubuta cewa duk wanda gidansu ba waya babu shi, na kuma sa aka fitar da bencinsa waje, da hedimasta bai bari na ga ƙarshen zango ba. Ina kuma zaton, ko da yake ba ni da shaida, cewa a ɗakunan ajiyar takardun kotu da na asibiti, inda ake toshe kwamfutoci kamar haka, inda kuma tsofaffin akawuna suka fi yawa, akwai wasu hannuwan da ƙidayarku ba ta gani ba.

3. A ranar Juma'a, 28 ga Fabrairu, kuka daina kula da fitowa ta 11. Dokar ofishin ba ta yarda a yi aiki da manhajar da masu ita suka daina toshe wa ɓaraka ba, don haka injiniyan hukuma ya zo a ƙarshen makon ya ɗora ta 12 a kan kowace kwamfuta. Ranar Litinin, 3 ga Maris, maigidana ya zauna ya buga layin farko, ya ga haruffa sun rubanya. Ya shiga saituna, ya nufi inda ya saba, ya tarar da wurin a share. Ya ce ya buɗe kowace taga sau uku uku, kamar mai neman makulli a aljihun da ya riga ya lalube. Injiniyan na tsaye a bayansa yana tambayar ko akwai matsala, shi kuwa ya ce babu, domin tambayar inda saitin ya shiga ma tonon asiri ce. Da ya dawo gida ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu, bai shigo ba, bai koma ba, sai da na fito na karɓi jakar.

4. A ranar Laraba, 19 ga Maris, wata mata ta dawo ofis da takardar shaidar mutuwar ɗanta. Shekararsa huɗu a duniya. A takardar an buga 44. Ba ta yi faɗa ba, kuma maigidana ya ce da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye takardar a gabansa ne kawai, ta ce ita dai ɗanta bai kai nan ba, ta so ya kai, amma a yi haƙuri a rubuta abin da Allah ya ba shi. Ya gyara mata da hannun hagu, yatsa ɗaya. Kwana biyu abinci bai wuce masa ba.

Tun daga ranar da hagu kaɗai yake bugu, yana bin kowane layi sau biyu. Mutumin da ke gama takarda sittin kafin azahar yanzu da ƙyar yake kai ashirin kafin a tashi, kuma duk da haka kuskure na kuɓuce masa, domin hannun daman kan manta ya sa baki. Tsofaffin littattafan kuwa tun watan Maris bai buɗe ko ɗaya ba. Shugabar ofishinsu, wadda ta zo bara, mace ce mai adalci da ke kiransa Baba, ta ɗauka idonsa ne ya raunana, ta ba shi shawarar ya nemi tabarau. Ya je ya saya. Idonsa lafiya lau, yana iya karanta lambar motar da ke ƙarshen layinmu, amma kullum sai ya ɗora tabarau a hanci ya tafi aiki, ya dawo da ciwon kai. A gida ba ya zama. Daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, har na san taku bakwai ne. Ni ma ban fi shi ba. Na ƙona tukunya biyu a watan jiya ina duba shafin ƙorafinku a waya, kuma daga fara wannan takarda zuwa yanzu na tashi sau huɗu ban san abin da na tashi yi ba. Ina komawa kan batu.

5. A ranar Litinin, 24 ga Maris, ƙanena ya buɗe ƙorafi mai lamba 48213 a shafinku, ya yi bayanin komai ban da suna. Ranar Laraba, 26 ga wata, ɗaya daga cikin mutanen nan goma sha biyu ya amsa. Zan yi masa adalci, amsarsa akwai ladabi. Ya ce ya tausaya ƙwarai, amma ƙa'idar da aka shimfiɗa tare da masu ɗaukar nauyi ita ce, ba a dawo da abin da ƙidaya ta nuna sifili sai an kawo mutum ɗaya tak, na gaske, da sunansa da wurin aikinsa da wanda zai tabbatar, cikin kwana sittin. Ya ce an sa wannan ne domin mutane kan ƙirƙiro masu amfani na ƙarya don a dawo musu da abin da suke so. Ƙanena ya rubuta cewa ya san mutumin, a gidansa yake cin abincin Lahadi, yayarsa ce ma take aurensa. Aka ce masa "na san wani" ba shaida ba ce.

6. Tunda kun ce manhajar ta kowa ce, kowa na iya gyarawa, ƙanena ya ɗauke ku a kan maganarku. Shi mai gyaran allo ne da canza batir, bai taɓa rubuta manhaja ba, kuma ya haura hamsin. Mako uku ya yi yana koyo tsakanin mai kawo aiki da mai karɓa, har matarsa ta kira ni tana tambaya ko ya shiga wata ƙungiya ce. Ya ɗauko tsohon saitin daga fitowa ta 11, ya gyara shi ya zauna a sabon ginin, layi arba'in da ɗaya. A falonmu aka gwada a tsohuwar kwamfutarsa. Maigidana ya buga shafi guda da hannu biyu, ba kuskure ko ɗaya, ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, muka yi kamar ba mu gani ba. Amma ba damar a kai gyaran ofis, domin kwamfutocin can ba sa karɓar komai sai mai hatimin Gidauniya.

Ranar Litinin, 14 ga Afrilu, ya miƙa muku gyaran a ƙarƙashin ƙorafin. Sai muka gane cewa layin jira biyu ne a wurinku. Mutanen da kamfanoni ke ɗaukar nauyinsu suna duba abin da ke cikin jerin kamfanoni ne kawai, gyaran 'yan sa-kai kuwa mutum biyu ne ke dubawa in sun sami sarari, kuma namu shi ne na ɗari uku da goma sha biyu. Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai: a saman tsohon saitin, ƙanena ya ga wani ɗan layi da wanda ya fara rubuta shi ya bari shekaru da dama da suka wuce, cewa ya yi shi ne domin mahaifiyarsa ta ci gaba da rubuta masa wasiƙa. Ba mu san shi ba, ba mu san ƙasarsu ba. Da aka share saitin an share layin tare da shi. Ƙanena ya mayar, shi ne na arba'in da ɗayan.

7. A ranar 25 ga Mayu aka rufe ƙorafin. Lahadi ce, ba kowa a ofishinku. Sakatarenku na ƙarfe ne, wanda kuka ɗora ya riƙa ƙirga kwanaki, ya ga sittin sun cika ba a kawo suna ba, ya rufe, ya kuma gode mana da gudummawarmu.

8. Za ka tambaya, ranka ya daɗe, me ya hana mu kawo sunan tun farko mu huta, kuma tambayar na bisa hanya. Sashe na 31 na dokar aikin ofishinsu ya ce akawun da aka san yana da lalurar hannu za a gwada shi sau ɗaya a kan kwamfutar ofis yadda take a ranar, in ya kasa ya ajiye aiki nan take. Akawun da ake ganin sakaci ne kawai ke damunsa kuwa, gargaɗi uku yake da shi, da watanni a tsakaninsu. Wato ku kun ce sai ya bayyana kansa kafin ku dawo da saitin, ofis kuma in ya bayyana kansa zai gwada shi a kwamfutar da ba saitin. Kwana sittin ɗin nan a tsakanin waɗannan biyun ya yi su yana kai da kawowa. Ni kuwa na riƙa ce masa ya dakata, wataƙila wani a wata ƙasa ya riga mu ba da suna. Ba wanda ya bayar. Yanzu na gane wataƙila su ma matansu haka suke ce musu.

Ranar Litinin, 2 ga Yuni, shugabar ofis ta miƙa masa takardar gargaɗi ta farko a rayuwarsa, tana kawar da kai, tare da sanarwar cewa za a yi masa gwajin bugu ranar Litinin, 30 ga Yuni. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun hagu, tunda na dama akwai mai shi.

Jiya Lahadi bayan cin abincin rana, ƙanena na nan, ina ƙoƙarin ɓalla masa maɓallin hannu zai fita, ya ce in bari. Ya ce shekara tara ke nan hannun nan na ɓoye a aljihu sai ka ce ɓarawo, alhali bai saci komai ba, aiki kawai ya yi. Ya ce zai iya laɓewa a bayan gargaɗi uku ya ja har ƙarshen shekara, amma a lokacin duk ginin zai ɗauka Yatsa-Goma ya lalace ya zama mai sakaci, matar nan mai ɗan shekara huɗu ma haka za ta ci gaba da ɗauka, kuma wannan ya fi ƙarfinsa. Ya ce in rubuto muku, in sa sunansa da lambar aikinsa, in kuma aika wa shugabar ofis kwafi, domin ita ce za ta tabbatar. Na tuna masa sashe na 31. Ya ce shi ya buga dokar da hannunsa lokacin da aka sabunta ta, ba sai na karanta masa ba. 

Saboda haka, ranka ya daɗe, kafin wannan takarda ta iso teburinka kwafinta ya riga ya isa na shugabar ofis, kuma gwajin ranar 30 ga wata ya zama na farko kuma na ƙarshe. Ba hanyar komawa. Na duba kalandarku har na haddace ta. Ranar Juma'a, 20 ga Yuni, za ku rufe karɓar gyara na ƙaramar fitowa mai zuwa, abin da bai shiga ba kuma sai baɗi. Ranar Laraba, 25 ga wata, za ku sake ta. Ranar Juma'a, 27 ga wata, injiniyan hukuma zai zo zagayensa na ƙarshen wata ya ɗora sababbin gyare-gyare. Ranar Litinin a zaunar da maigidana. In ɗaya daga cikin waɗannan ranaku ta goce, shi ke nan, littattafai ashirin da biyar za su koma kabad ba mai karanta su. Daga yau zuwa 20 ga wata kwana goma sha ɗaya ne.

Don haka ina roƙon ofishinka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai:

(a) A sake buɗe ƙorafi mai lamba 48213, tunda ga shaidar da aka nema. Na san ta makara da kwana goma sha biyar, kuma laifin makarar nawa ne.

(b) A umarci mutum ɗaya mai rai daga cikin goma sha biyun nan ya ajiye kusurwar taga na awa ɗaya ya karanta layi arba'in da ɗaya kafin ranar 20 ga Yuni. In akwai kuskure a ciki, ƙanena ya ce a faɗa masa ba tare da sakaya ba, zai rufe shago ya gyara a ranar. In kuma ƙwararrunku sun ga sake rubutawa ya fi, ba ya neman a sa sunansa a ko'ina, sai dai a bar layin nan na mai mahaifiya.

(c) A zamanku na gaba da wakilan kamfanonin uku, a sanar da su cewa ƙidayar da suka kawo ba ta jin kwamfutar da aka toshe wa baki, a kuma samar da hanyar da ofisoshi irin na maigidana za su iya aiko da rahotonsu ko da a takarda ne. Ba na zaton mugunta suka yi. Sun duba inda suka saba dubawa ne, ba kuma wanda ke zaune a teburin da zai ce musu akwai wani ɗaki a baya.

(d) A goge sifilin nan da ke gaban Jinkirin Maɓalli a rubuta ɗaya. Wannan ko da sauran ukun sun gagara, domin sifilin ƙarya ne, kuma mijina shekara talatin da uku ya yi yana aikin tabbatar da cewa duk wanda ya zo duniya an rubuta shi.

A manne da wannan takarda akwai cikakken sunansa da lambar aikinsa da adireshin ofishin, da takardar likita ta 2016, da kwafin gargaɗin 2 ga Yuni, da kuma shafin nan da ya buga a falonmu da gyaran ƙanena, don ka ga aikinsa in an bar masa sandarsa.

Yau da safe bai ɗauki tabarau ba. Ya ce in sa masa kofinsa da faranti a jaka, wai za a sha shayi da ƙarfe goma kuma ya daɗe bai zauna da mutane ba. Na tsaya a taga ina kallonsa har ya sha kwanar gidan waya, jaka a hagu, dama a waje tana rawarta a idon kowa. Ban san yadda zan yi da kaina ba har ya dawo, shi ya sa na zauna na ƙarasa wannan takarda, zan kuma kai ta da ƙafata.

Ina fatan Mai Girma Babban Darakta zai dubi wannan ƙorafi da idon rahama, cikin gaggawar da kwanakin suka tilasta. Ina neman gafara a kan duk inda harshena ya zarce ladabi. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kuma saka wa duk wanda ya taɓa sa hannu a manhajar nan da alheri, domin shekara takwas ta rufa mana asiri.

Taka mai biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Matar Yatsa-Goma,
tsohuwar malamar firamare.

(sa hannu)
Yatsa-Goma,
akawu mai buga takardu, ofishin rajistar haihuwa da mutuwa,
mai amfani da Jinkirin Maɓalli tun Afrilun 2017.

Ƙarin bayani: Sa hannu na biyu tun jiya ya yi shi a kan farar takarda, ya ce in rubuta abin da zan rubuta a samansa. Na ce ya yi da hagu ko ya bari in dafe masa wuyan hannu, ya ƙi, ya yi da dama shi kaɗai. In ka ga layin ya fita daga hanyarsa, biron lafiyarsa lau. Mutum ɗayan da kuka ce a kawo ke nan.

Kwafi zuwa ga: Shugabar Ofishin Rajistar Haihuwa da Mutuwa.